Sunayen da Kaka Ya Karanta a Rediyo

Greensboro, 18 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Goggo Bebi,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidanmu na Sabon Zongo. Yaya ƙafar? Alhaji Abdul-Razak ya ce da ya je Akra watan jiya ya tarar da ke kina faɗa da mai gyaran famfo, na ce to alhamdu lillahi, Goggo ta warke. Mu ma nan lafiya lau. Maigidana Hakim yana gaishe ki, yana nan yana fama da tuƙin babbar mota, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ruqaya ta yi tsawo har ta kusa kamo ni. Ina yi mata Hausa tana mayar min da Turanci, amma in ta ji ƙamshin waakye, shinkafa da waken nan namu, Hausar takan dawo mata da gudu.

Tunda kin hana ni kiran waya, kin ce kunne ya yi nauyi kuma kin gaji da cewa "iye?", ga shi na zauna na rubuta da hannu. Alhaji zai taho miki da ita tare da man zafin nan da kike so.

Kin sha tambayata me nake karantawa har yanzu da girmana, da safe ina yi wa tsofaffi wanka a gidan kula da su, da yamma ina zaune a aji da sa'o'in ƙannena. Bari in gwada yi miki bayani ko kya daina yi min dariya. Zamanin da Ingila take riƙe da rabin duniya, akwai ƙasashen da suke mulkin kansu amma suna ƙarƙashin sarkinta, irin su Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Da rediyo ya bazu sai hankalin gwamnatoci ya tashi, don murya ba ta tsayawa a kan iyaka a duba mata takarda. Sai ƙasashe suka yi yarjejeniya cewa kada gidan rediyon wata ƙasa ya faɗi abin da zai tunzura mutanen maƙwabciyarta. To in magana irin wannan ta taso, Landan sai ta rubuta wa waɗancan ƙasashe ta ji ta bakinsu, su amsa, ta sake rubutawa, su sake amsawa. Wasiƙun nan nake karantawa don littafin digirina. Wallahi Goggo, wasunsu sun fi maganin barci ƙarfi.

Ranar Talata ina laburaren jami'a ina duba hotunan wani tsohon fayil na 1945 a kwamfuta, idona ya fara rufewa, sai na ga an ambaci gidan rediyon Akra. Na gyara zama. Layi uku ƙasa da nan sai ga shi: Malam Adamou, mai karanta labarai da Hausa. Da irin rubutun Faransa ɗin nan, yadda marigayi Baba yake sa shi a takardunsa. Na yi wata ƙara, matar da ke kusa da ni ta zabura har ta zubar da kofinta.

Ni dai na san Kaka ya yi aiki a gidan rediyo, amma iyakar abin da Baba ya taɓa faɗa mana ke nan. Ga shi yau na same shi a tsakiyar wasiƙun Landan! A shafi na biyu akwai wata takarda ta rubutun hannu, sunayen mutane ne a jere, talatin da ɗaya, kowane da sunan ubansa da garinsu: Tawa, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Filinge. An rubuta a gefe cewa hannun Kaka ne. Ki ga kyan rubutu, Goggo, kamar inji ya buga. Yanzu na gane inda kika gaji naki.

Shafi biyu kaɗai aka sa a intanet. Na rubuta wa ma'ajiyar takardun a Ingila su turo min sauran, sun ce sai nan da mako shida ko takwas. Farfesata ta ce wannan shi ne zuciyar littafina. Har na gaya wa shugaban ƙungiyar 'yan Gana ta nan, ya ce lallai in karanta wani yanki a taron Nuwamba kowa ya ji. Don Allah ki tuno min duk abin da kika sani. Ke kaɗai kika rage cikin 'ya'yansa, ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarki,
Abibata

*

Sabon Zongo, Akra, 20 ga Maris, 2024

'Yata Abiba,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, man zafi ya zo, Allah ya yi albarka. Muna cikin azumi lafiya, sai zafi da ɗauke wuta. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Ki gaida Hakim. Ki ja wa Ruqaya kunne ki ce saƙona ne.

Na karanta takardarki sau ɗaya na tura ta ƙarƙashin filo. Kwana huɗu ban iya ɗauko ta ba. Abiba, ki bar takardun nan. Ki rubuta wa mutanen Ingila ki ce kin fasa.

Ba laifinki ba ne. Ni da ubanki muka yi shawara tun kuna ƙanana cewa ba za mu gaya muku ba, ku taso da kanku a sama. Yanzu kin je kin tono da hannunki, dole in faɗa.

A shekarun nan Faransawa suna kama samari a arewa suna sa su aikin dole, wasu hanya, wasu soja. Masu ƙarfin ƙafa suka gudo nan, suka ɓuya cikin zongo, suna dako a kasuwa da bakin jirgin ruwa. Babanmu kuwa, wato kakanki, ɗan can ne, har ya yi makarantar Faransa kafin ya gangaro. Abin da zongo ta ce shi ne, ya bi gida-gida ya tara sunayen samarin nan, ya miƙa wa Faransawa ta bakin rediyo, suka yi masa ihsani. Aka bi iyayensu can aka kama. Akwai wani Tassiou, an tafi da tsohon ubansa aikin hanya a madadinsa, kuma tsohon bai dawo ba. Tassiou ɗin nan shi ne mahaifin Jimmai mai koko, gida na uku daga namu. Kin taɓa tambayata kina yarinya don me ba ma cin abincin sunan gidansu, na ce miki yajinsu ya yi yawa. Ƙarya na yi miki.

Ina da shekara huɗu aka kore shi daga aiki. Abu ɗaya na riƙe na lokacin: Tassiou ya tsaya a ƙofar gidanmu ya tofa yawu, Baba yana zaune a kan benci, ko kai bai ɗaga ba. Da na isa zuwa ɗiban ruwa, 'yan mata a bakin famfo har waƙa suke yi min. Ba zan rubuta ta ba, amma har yau ban manta ko kalma ɗaya ba. Baba ya koma rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya har ya tsufa. Bai taɓa cewa ya yi ba, bai taɓa cewa bai yi ba.

Shekara kusan tamanin ina riƙe da wannan "bai ce ya yi ba". Shi ne kawai abin da nake da shi. In zuciya ta matsa min sai in ce, Bebi, ai ba wanda ya gani da idonsa. Yanzu ke kin taho da murnarki kina gaya min kin ga sunaye talatin da ɗaya da hannunsa, da garuruwansu, har kina yaba kyan rubutu. Ki gaya min me kike so in yi da wannan.

Kuma wai za ki tsaya gaban 'yan Gana ki karanta. Kin manta rabin mutanen nan da za su zauna gabanki daga layinmu suka fito? Kafin ki sauka daga kan mumbarin magana ta iso bakin famfonmu. Ni zan fita in sayi gawayi a unguwar nan, ba ke ba.

Na tsufa, 'yata. Ki bar ni in tafi da shakkata, ta fi min sauƙin ɗauka. Ban yi fushi da ke ba, tsoro nake ji.

Goggonki,
Bebi

*

Greensboro, 14 ga Afirilu, 2024

Goggo,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Muna lafiya, sai ƙurar furannin nan mai rawaya da take rufe motoci a wannan watan, ta sa Ruqaya atishawa ba dare ba rana.

A shagon kayan Afirka na Gate City Alhaji ya miƙo min takardarki. Na buɗe ta cikin mota don ɗoki. Ban iya tayar da motar ba sai da mai shagon ya fito ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Goggo, wallahi ban sani ba. Da na sani da ban rubuta miki da wannan rawar kai ba. Ki yafe min.

Maganar taron Nuwamba na soke ta, na ce wa shugaban aiki ya yi min yawa. Amma fasa takardun ya wuce, don sun riga sun iso ta imel tun ranar Alhamis, shafi arba'in da biyu. Ban buɗe ba. Kullum na kunna kwamfuta ina ganin saƙon a zaune yana kallona.

Abu ɗaya nake so ki duba, ba gardama nake yi da ke ba. A 1945 Ingila da Faransa gefe ɗaya suke a yaƙi. In da Kaka Faransawa ya yi wa aiki, me zai sa Ingilawa su kore shi? Ai yaba masa za su yi. Akwai abin da bai zauna daidai ba a labarin nan, kuma tun da na lura da shi ya hana ni sakat. Mai yiwuwa abin da ke ciki ya fi wanda kika sani muni, ban ce a'a ba. Mai yiwuwa kuma ba haka ba ne.

Ubanki ne kafin ya zama kakana. Ba zan buɗe ba sai kin ce in buɗe. In kin ce in goge, zan goge in nemi wani abin rubutawa, wasiƙun Kanada ba sa ƙarewa. Alhaji zai taso ranar Juma'a. Ko layi ɗaya ne ki ba shi ya dawo min da shi.

'Yarki,
Abibata

*

Greensboro, 9 ga Yuni, 2024

Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata kina lafiya, kuma yau gaisuwar a nan za ta tsaya, ki yi haƙuri. Kaka bai sayar da kowa ba. Ki sake karanta layin nan, sannan ki nemi kujera.

Na saɓa alkawari, ki yi min faɗan daga baya. Mako takwas ina jira. Alhaji ya dawo ya ce kin ba shi ƙunshin ganyen dafa waakye da yajin shito, kaya suka yi masa yawa ya sa a kwantena ta jirgin ruwa, amma takarda kam ba ki ba shi ba. Na ce shi ke nan, Goggo ta yanke ni. Na rame, na ƙona tuwo sau biyu, na kira wata tsohuwa a wurin aiki da sunanki. Jiya Asabar Hakim ya ce, "Abiba, ko ki buɗe ko ki goge, gidan nan ya gaji." Na yi alwala, na hau bas na tafi laburaren cikin gari don kada in yi kuka gaban Ruqaya, na buɗe.

Ga yadda abin yake. Duk ranar Juma'a in Kaka ya gama karanta labarai, minti biyar kan rage. Baturen da ke kansa ya ce ya cike su da gaisuwar masu sauraro. To kin san al'adarmu, baƙo ba ya sauka a zongo a bar gidansu cikin zullumi, mai masauki kan ba fatake saƙo su kai cewa wane ya iso. A shekarun yaƙi hanya ta toshe, fatake sun ragu, uwaye suna can ba su san ko 'ya'yansu na raye ba. Sai samarin nan suka riƙa tare Kaka a ƙofar masallaci, da ƙafarsu, suna cewa, "Malam, ka gaya wa tsohuwata na iso." Shi kuma ya riƙa faɗa a rediyo: wane ɗan wane na gari kaza yana gaida mahaifiyarsa, ya sauka lafiya. A can arewa akwai 'yan kasuwa masu akwatin rediyo, mutane kan taru a kantinsu, ranar kasuwa saƙon ya bi ƙauyuka. Takardar sunayen da na gani, takardar shirinsa ce. Doka ce sai ya rubuta abin da zai faɗa ya miƙa a buga masa hatimi, kuma Baturen yana ta bugawa bai iya Hausa ba.

Abin da Kaka bai kawo a ransa ba shi ne, kumandan Faransa ma yana da akwati, kuma yana da tafinta zaune da alƙalami. Shi a ganinsa Hausa yake yi da Hausawa, zancen gida ne. Haka aka samu sunayen. Wannan kuskuren nasa ne, ba zan ɓoye miki ba, kuma shi ma bai ɓoye ba.

Sai Faransawa suka kai ƙara Landan, wai rediyon Akra yana kwaɗaita wa mutanensu gudu, an karya yarjejeniya. Landan ta rasa gane ko gaisuwa tana cikin abin da aka hana, sai ta yi abin da ta saba, ta rubuta wa su Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Goggo, wasiƙa goma sha ɗaya, wata biyar, manyan mutane masu albashi a nahiya huɗu suna muhawara ko "ina gaida mahaifiyata" siyasa ce. Wani ya ce gaisuwa gaisuwa ce. Wani ya ce duk kalmar da za ta sa mutum ya tsallake iyaka siyasa ce. Ina kuka ina dariya, mai gadin laburaren yana ta leƙo ni.

A ƙarshe aka yanke cewa a daina gaisuwar, kuma don a faranta wa abokan yaƙi, a nemo inda mutum talatin da ɗayan nan suke zaune a mayar da su. Wa ya san gidajensu? Kaka. Aka kira shi ofis. A shafi na talatin da shida an rubuta abin da ya faɗa, ga shi na mayar miki da shi Hausa yadda na iya:

"Na san ɗakin da kowannensu yake kwana, amma ba zan faɗa ba. Baƙina ne. Na riga na cuce su sau ɗaya ban sani ba, ba zan ƙara ina sane ba."

Suka ba shi mako guda ya yi tunani, suka ce in ya faɗa aikinsa yana nan. Ranar da wa'adin ya cika ya zo ya ajiye makullin ɗakin karanta labarai da katin shiga a kan tebur. Baturen ya rubuta a gefen shafin da jan biro: "Mai taurin kai ne, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba." Shafi na ƙarshe layi ɗaya ne, cewa ba a gano mutanen ba, an rufe fayil. Ba a mayar da ko mutum ɗaya ba, Goggo. Tassiou ya tsufa a Sabon Zongo ya haifi Jimmai ne saboda Kaka ya kama bakinsa.

Kuma Tassiou shi ne na tara a jerin. Kaka ya faɗa cikin bayaninsa cewa sau biyu ya zo masa, don karon farko bai tabbata an ji a Filinge ba.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Baturen ya tambaye shi ko yana son a ba shi takardar da zai nuna wa sarkin zongo a wanke sunansa, ya ce ba ya so. Me ya sa? Ni kam da na fito daga laburaren na bi titin Elm ina tafe kamar an cire min ƙaya, na sayi askirim babba na zauna a bakin titi na shanye, bas biyu suka wuce ni. Amma da na tuna yawun nan da waƙar famfo sai raina ya ɓaci. Ga kwafin shafukan na sa miki. In kin yarda zan buga wani da manyan baƙaƙe a manna a ƙofar Jimmai, kusa da tukunyar kokonta.

Wata mata 'yar unguwar Nima ta Akra za ta taso jibi, ita na ba. Na ce ta damƙa miki hannu da hannu.

'Yarki mai saɓa alkawari,
Abibata

*

Sabon Zongo, Akra, 2 ga Yuli, 2024

'Yata Abiba,

Wa alaikumus salam. Mun yi Babbar Sallah lafiya, ruwa yana ta sauka, kwatar ƙofar gida ta cika ta kawo mana ziyara har tsakar gida. Ƙafa da sauƙi. Ki gaida Hakim ki ce ya yi min daidai. Ruqaya kuwa a bar mata kunnenta wannan karon.

Da farko, ba ki saɓa komai ba. Na ba ki amsa tun watan Afirilu. Na naɗe ta cikin leda na cusa tsakiyar ganyen waakye don kada Alhaji ya yar, kin san aljihunsa. Ina na san zai sa ta a jirgin ruwa? Tana can tana yawo a teku. In ta iso za ki ga layi biyu ne: "Ki buɗe. Ko mene ne ki faɗa min." Tambayarki ce ta hana ni barci, na ce yarinyar nan ta fi ni lissafi.

Ranar Lahadi matar Nima ta kawo min. Na karanta layinki na farko na ajiye, na tashi na zaga tsakar gida, na dawo na sake karantawa. Shafukan Turancin ma na bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashina, don in gani da idona. Da na zo kan "baƙina ne" sai na ji muryarsa, haka yake magana, gajere. Abiba, ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da aka sauke min. Ranar na ci tuwo malmala biyu har 'yan haya suna tambaya ko lafiya. Na yi farin ciki, 'yata, irin wanda ban yi zaton ya rage min a duniya ba. Allah ya yi miki albarka, ya sa Ruqaya ta yi miki fiye da haka.

Maganar manna takarda a ƙofar Jimmai, kul. Wannan zafin kan na ubanki ne. Kin ce ba ki gane don me Baba ya ƙi takardar wankewa ba. Ni na gane, don na san shi. In zai wanke kansa, sai ya tsaya gaban zongo ya ce, Tassiou, kai ka zo da ƙafarka sau biyu. Mutumin da ubansa ya mutu a bakin hanya saboda gaisuwar da shi ya aika, ina zai kai wannan? Dole ya sami wanda zai tofa wa yawu, in ba haka ba ya haukace. Baba ya ga da bakinsa aka yi ɓarnar, sai ya zauna a kan bencin ya bari. Ban ce ya kyauta mana ba, mu 'ya'yansa mun sha wuya. Amma abin da ya rufe shekara ashirin da shida har ya koma ga Allah, ba ni zan buɗe wa Jimmai shi tana da shekara saba'in da biyar ba.

Jiya da safe na ɗauki kwanona na tafi wurinta. Ta dube ni ta dubi kwanon ta ce, "Bebi, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, koko nake so." Ta zuba, ta ƙara min ƙosai biyu. Na zauna a bencinta na sha. Yajin daidai yake.

Littafinki ki rubuta shi. Ki sa sunan Baba cikakke, ki sa kuskurensa, ki sa abin da ya faɗa wa Baturen. Taron Nuwamba ma ki koma ki ce aikin ya ragu. Sunayen mutum talatin da ɗayan nan ne kawai ban yarda ki fitar ba, an karanta su sau ɗaya ya isa.

Saura abu guda, ban taɓa gaya wa kowa ba, ko ubanki. Shekarar da Baba zai rasu ni nake jinyarsa. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe min hannu ya ce, "Bebi, maganar rediyon nan, akwai abin da ban gaya muku ba." Na ɗauka zai ce ya yi. Sai na ce, "Baba, sha kununka kada ya huce." Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya buɗe baki ya sha. Bai ƙara tayar da maganar ba, bayan kwana tara ya cika.

Ashe ni ma ina cikin masu tofa yawun, nawa a ciki na yi. Shekara hamsin da uku duk sallar da na idar ina roƙon Allah ya yafe masa abin da ya yi wa mutane. Tun ranar Lahadi in na ɗaga hannu, Baba nake roƙo ya yafe min.

Allah ya tsare min ku a inda kuke.

Goggonki,
Bebi 'yar Malam Adamou